Injin filifa na Bally (1977-1985): yadda ake gano lalacewa da yadda ake gyara ta

Taƙaitawa

Wannan ƙasida tana bayani a kan hanyar da ake bi a gano lalacewa a cikin injunan wasa na filifa waɗanda kamfanin Bally ya ƙera tsakanin 1977 da 1985. Abin da take son nunawa shi ne, galibin ciwon waɗannan injuna yana fitowa ne daga wurare 3: wutar da ke ciyar da alluna, mahaɗan wayoyi, da batirin da ke liƙe a kan babban allo. Kuma injin da kansa yana nuna inda ciwon yake, in dai mai gyara ya bi matakan bincike bi da bi.

1. Gabatarwa

Filifa, wato abin da Faransawa ke kira flipper, teburi ne mai gangare wanda aka rufe da gilashi. Mai wasa yana harba ƙwallon ƙarfe mai faɗin milimita 27 zuwa sama, ƙwallon ya gangaro yana bugun turaku da shamakai, kowane bugu da makinsa. A ƙasan filin akwai ƴan fukafukai 2 da mai wasa ke kaɗawa don ya maida ƙwallon sama kamin ya faɗa rami. Daga sunan waɗannan fukafukai ne Faransanci ya ɗauko sunan injin baki ɗaya. Kamfanin Gottlieb ne ya fara sa su, a cikin injinsa mai suna Humpty Dumpty, a 1947.

Birnin Shikago na ƙasar Amurka shi ne cibiyar wannan sana'a. A nan ne Gottlieb da Bally da Williams da Stern suka kafu, daga nan kuma aka riƙa kai injunan Turai, musamman Faransa da Jamus da Italiya. Har zuwa tsakiyar shekarun 1970, abin da ke tafiyar da injin shi ne tarin rele (relais) da ƙaramin moto da faya-fayan ƙidaya masu juyawa. Mai gyara yana iya buɗe injin ya ga da idonsa wane rele ya kama, wane ya ƙi. A 1975 kamfanin Mirco ya fito da The Spirit of '76, mai aiki da ƙaramar ƙwaƙwalwar lantarki (microprocesseur), kuma kamin ƙarshen 1977 manyan kamfanonin duk sun bi sahu: Williams da Hot Tip, Gottlieb da Cleopatra, Bally kuma da injuna kamar Eight Ball, wanda aka ƙera fiye da dubu 20 daga cikinsa. Daga wannan lokaci aikin ya koma cikin alluna, inda ido ba ya ganin motsi, sai ma'auni.

Mun zaɓi injunan Bally saboda dalilai 2. Na farko, kamfanin ya yi amfani da jerin alluna kusan iri ɗaya cikin injuna da dama har tsawon shekara 8, kuma allunan Stern na zamanin, MPU-100 da MPU-200, kusan kwafinsu ne. Wanda ya fahimci guda ya fahimci sauran. Na biyu, babban allon yana da tsarin gwada kansa wanda ke da sauƙin karantawa. Yau waɗannan injuna sun haura shekara 40. Gottlieb ya rufe a 1996, Williams kuma, wanda ya sayi sashen Bally a 1988, ya daina ƙera filifa a 1999. Ke nan duk allo na asali da hannun gaggawa ya ɓata, ba wani daga masana'anta da zai maye gurbinsa.

Game da kalmomi: inda masu gyara suke da kalmar aro da suka saba da ita, kamar bobin ko kontak, mun bar ta, inda babu, mun sa kalmar Hausa, muka nuna ta Faransanci a cikin baka a karo na farko. Da kalmar guntu muke nufin circuit intégré, da allo kuma carte électronique.

2. Ginin injin

Injin yana da sassa 2: teburin wasa, da akwatin kai wanda ke tsaye a bayansa. A cikin akwatin kai ne mafi yawan alluna suke. Ga su:

a) Allon miƙe wuta (redresseur), kamar AS-2518-18, wanda ke kusa da taransfo. Shi ke karɓar wuta mai kai-da-komo (courant alternatif), ya maida mafi yawanta miƙaƙƙiya (courant continu). A kansa fiyus (fusible) 6 suke.

b) Babban allo, AS-2518-17 da magajinsa AS-2518-35. A kansa akwai ƙwaƙwalwa Motorola 6800 a gurbin U9, wadda ke gudu da kimanin kilohaz 500; da guntayen da ke ɗauke da shirin wasan, a gurabe kamar U2 da U6; da ma'ajiyai 2, wato 6810 a U7 da 5101 a U8; da guntayen shiga da fita 2, samfurin 6820 ko 6821, a U10 da U11.

c) Allon tuƙa bobin, wanda ke ɗauke da taransisto masu kunna bobin (bobine). A kansa kuma aka ɗora masu daidaita volt 5 na ƙwaƙwalwa da volt 190 na allunan maki.

d) Allon tuƙa fitilu, mai tiristo (thyristor) har 60.

e) Allunan maki, masu lambobi 6, daga baya 7, waɗanda ke haske da iskar gas a cikin gilashi.

Abin lura a nan shi ne dogaron kowane allo ga ɗan'uwansa. Wutar da babban allo ke sha tana tasowa daga taransfo, ta bi allon miƙe wuta, ta bi allon tuƙa bobin, sa'an nan ta iso. A hanya tana ratsa mahaɗai (connecteurs) da dama. Idan haƙori guda na mahaɗi ya yi tsatsa, alamar da za a gani ita ce babban allo ya ƙi tashi, alhali shi lafiyarsa lau. Wannan shi ya sa bincike ke farawa daga wuta.

3. Matakin farko: wuta

Kamin komi, gargaɗi. A cikin akwatin kai akwai volt 230 da volt 190, kuma kondansato (condensateur) na wannan sashe yana iya riƙe wuta bayan an kashe injin. Ba a cire mahaɗi ko a liƙa dalma sai an zare fulogi. In kuma dole a auna da wuta a kunne, a maƙala baƙar wayar ma'auni a mas (masse), a yi aiki da hannu ɗaya.

Sai batun wutar gari. Amurka tana aiki da volt 120 da haz 60, mu kuwa a Nijar, kamar Faransa, muna kan volt 220 zuwa 230 da haz 50. Taransfon Bally yana da bakuna da ake sauya musu haɗi don ya karɓi 220, kuma injunan da aka kai Turai sun zo a hakan. Amma injin da ya fito kai tsaye daga Amurka, sai an duba haɗin taransfonsa, an kuma canza ƴar kariyar da ke bakin shigar wuta (varistance), domin wadda aka yi don volt 120 ƙonewa take yi a kan 220.

Bayan haka sai a duba fiyus ɗaya bayan ɗaya, a cire shi daga gurbinsa a auna, don ido yana ruɗi. Fiyus da ya ƙone shaida ce ta cewa wani abu ya ja wuta fiye da ƙima. Sa wanda ya fi shi ƙarfi, ko naɗa waya a madadinsa, yana maida taransfo ko layukan allo su zama su ne fiyus ɗin.

A kan allon AS-2518-18 akwai wuraren awo 5, kuma ga abin da ya kamata a samu, ko kusa da shi:

TP1: volt 5,4 miƙaƙƙiya, ta fitilun da ƙwaƙwalwa ke sarrafawa;
TP2: volt 230 miƙaƙƙiya, ta allunan maki;
TP3: volt 11,9 miƙaƙƙiya, wadda daga cikinta ake fitar da volt 5;
TP4: volt 7,3 mai kai-da-komo, ta fitilun haska fili;
TP5: volt 43 miƙaƙƙiya, ta bobin.

Wannan allo yana shan zafi ƙwarai. Fitilun haska fili suna da yawa, kuma kowane ƙwai samfurin 44 yana jan miliyamfa 250. Dukan wannan wuta tana bi ta ƴan haƙoran mahaɗi kaɗan. Da haƙori ya fara tsatsa sai ya ƙara tauye wuta, tauyewar ta haifi zafi, zafin ya ƙara tsatsa, har robar mahaɗin ta yi baƙi. Kankare haƙorin yana kawo sauƙi na ƴan makonni kawai, don rufin da ke kare shi ya riga ya tafi. Gyaran da ke daɗewa shi ne a canza ɓangarorin duka biyu, namijin da ke kan allo da macen da ke kan waya. Masu gyara da yawa kan sa ƙwai samfurin 47, mai jan miliyamfa 150, don rage nauyin.

Daga nan sai allon tuƙa bobin, inda ake auna volt 5. Guntayen zamanin suna aiki ne tsakanin volt 4,75 da 5,25; ƙasa da haka ƙwaƙwalwa tana rikicewa. Babban abin zargi a nan shi ne kondansato C23, mai kimanin mikrofarad dubu 11, wanda aikinsa shi ne lallashe tudu da kwarin wutar kamin ta shiga madaidaici. Irin wannan kondansato yana da ruwa a ciki, ruwan kuma yana bushewa da shekaru, zafi yana gaggauta bushewar. Alamar gajiyarsa sananniya ce: injin ya tashi lafiya, amma ana tsakiyar wasa, da an kaɗa fukafukai biyu tare, sai ya mutu ya sake tashi. Idan na asali ne tun daga masana'anta, canza shi ake yi ba tare da dogon bincike ba.

4. Ƙyaftawa bakwai

A kan babban allo akwai ƴar fitila guda (diode électroluminescente). Duk lokacin da aka kunna injin, ƙwaƙwalwa tana gwada sassan allon ɗaya bayan ɗaya, kuma kowane gwajin da ya yi kyau, fitilar ta ƙyafta sau ɗaya. Da farko akwai wani ɗan walƙiya gajere wanda ba a ƙidaya shi. Yana nuna ƙwaƙwalwa ta farka ta fara karanta shiri. Bayansa:

ta 1: guntayen shiri sun karantu, jimillarsu ta yi daidai;
ta 2: ma'ajiyar U7, mai bait 128, tana karɓa tana mayarwa;
ta 3: ma'ajiyar U8, wato 5101, ita ma haka;
ta 4: guntun U10 ya amsa;
ta 5: guntun U11 ya amsa;
ta 6: agogon allunan maki, wato guntun 555 da ke U12, yana bugawa;
ta 7: alamar ratsa sifiri tana isowa.

Ƙa'idar karatu ita ce, ciwon yana wurin ƙyaftawar da ba ta zo ba. Injin da ya ƙyafta sau 2 ya tsaya, U8 yake ƙara, ko gurbinta, ko layukan da ke zuwa gare ta. Dole a riƙe waɗannan 3 tare, domin a allo mai shekara 40 gurbin da aka dasa guntu a ciki ya fi guntun kansa saurin lalacewa: bakunansa sun saki, ƙafafun guntun sun yi baƙi.

In fitilar ta kama ta tsaya cak, babu ko walƙiyar farko, ƙwaƙwalwa ba ta tashi ba ke nan. Don a samu walƙiyar ana bukatar volt 5 mai kyau, da U9, da U6, da U11 wanda shi ke riƙe da fitilar, da agogon ƙwaƙwalwa, da kuma sashen farkarwa. Wannan sashe ƴan taransisto ne da diyod waɗanda ke tsare ƙwaƙwalwa har wuta ta daidaita, sa'an nan su sake ta. Yana ƙasan allon, kusa da batir, kuma za mu ga abin da wannan maƙwabtaka ke jawowa.

Ƙyaftawa ta 7 ta cancanci a tsaya a kanta, don ita ce ta fi ɓatar da sabon mai gyara. Wuta mai kai-da-komo tana ratsa sifiri sau 2 a kowane zagaye, wato sau 120 a daƙiƙa a Amurka, sau 100 a inda ake da haz 50. Babban allo yana bukatar sanin wannan lokaci don ya tsara kunna fitilu da bobin, kuma yana samun labarin ne daga layin volt 43. Saboda haka idan fiyus F4, na bobin, ya ƙone a can allon miƙe wuta, babban allo zai ƙyafta sau 6 ya yi shiru. Wanda bai san wannan ba zai cire allon ya yi ta canza guntaye, alhali abin da ya kamata ya nema shi ne bobin ko gadar diyod da ta ƙona fiyus ɗin. Haka kuma in aka ɗora allon a teburin aiki aka ba shi volt 5 da volt 12 kaɗai, ƙyaftawa 6 ita ce cikakkiyar lafiya.

Gwajin yana da iyakarsa. Ƙyaftawa ta 4 da ta 5 suna nuna cewa ƙwaƙwalwa tana iya magana da U10 da U11. Ba sa tabbatar da cewa kowace ƙafarsu ta waje tana aiki. Ana iya samun ƙyaftawa 7 cif, amma layin kontak guda ya mutu.

5. Batir

Ma'ajiyar 5101 ita ke riƙe maki mafi yawa da aka taɓa ci, da lissafin kuɗin da aka zuba, da makin da ke ba da wasa kyauta. Don kada ta manta in an kashe wuta, Bally ya liƙa batir mai caji na nikel da kadmiyom, mai volt 3,6, a gindin babban allo. An yi shi ne don ƴan shekaru, daidai da rayuwar da ake sa ran injin zai yi a mashaya ko ɗakin wasa. Injunan da aka jingine a sito shekara 20 ko 30 da batirin a jiki, su ne suka fi shan wahala.

Abin da ke tsiyayowa daga wannan batir ba asid ba ne, kamar yadda aka saba faɗa. Sinadarin potas ne (hydroxyde de potassium), dangin ruwan toka da kanwa. Yana fita a matsayin ruwa da tururi, yana cin tagulla da dalma, yana bin layukan allo ta ƙarƙashin koren fenti, yana hawa ƙafafun rezistans, yana shiga gurabe da mahaɗai. Alamunsa su ne kore ko shuɗi a kan tagulla, da dalma da ta dushe ta koma toka-toka, wadda ko an ɗora mata ƙarfe mai zafi ba ta narkewa sosai. Abubuwan da ke kusa da batirin su ne sashen farkarwa da U8; shi ya sa fitila mai tsayawa cak da tsayawa a ƙyaftawa ta 2 suka zama alamu mafi yawa a injin da ya daɗe a ajiye.

Gyaran yana bin wannan tsari. A yanke batirin a fitar. A cire duk abin da cin ya taɓa, har gurabe da haƙoran mahaɗi. A wanke wurin da farin binigar da aka surka da ruwa rabi da rabi, ana gogawa da buroshi, domin tsami shi ke kashe kaifin potas. A ɗauraye da ruwa mai tsabta, a bi da alkol, a bari ya bushe sarai. Sa'an nan a kankare layukan har tagulla ta fito da ƙyalli, a auna kowane layi daga farkonsa zuwa ƙarshensa, a ɗinke wanda ya tsinke da siririyar waya, a sa sababbin kaya. Wanda ya tsallake wanki ko kankara, allon zai iya tashi yau, amma cin yana nan yana tafiya a ƙarƙashi.

Ba a maida batir kan allon. Ana iya sa guntun ma'ajiya na zamani marar bukatar batir a gurbin U8, ko a rataye ƙaramin akwatin batir 3 nesa da allon a jawo waya. A wannan hali na biyu dole a sa diyod a hanya, don allon yana tura caji, batir na yau da kullum kuwa ba ya karɓar caji. Injin yana wasa ko babu batir, sai dai ya manta lissafinsa. Yawancin saitin wasan yana kan ƴan makunnai 32 da ke jikin allon.

6. Bayan injin ya tashi

A cikin ƙofar kuɗi akwai maɓallin gwaji. Kowane dannawa yana kai wa ga gwaji na gaba: fitilu, allunan maki, bobin, sauti a injunan da ke da allonsa, sa'an nan kontak. Da littafin injin a hannu, mai lambar kowane bobin da kowane kontak, ana rage fagen bincike ƙwarai.

6.1. Bobin

Bobin naɗin waya ne wanda ke zama maganaɗisu in wuta ta bi shi, ya fizgi sandar ƙarfe. Lambarsa tana faɗin gininsa: AN-26-1200 na nufin waya mai kauri lamba 26, naɗi 1200, kuma ma'auni zai nuna om 10 da ƴan kai. Volt 43 yana jiran kowane bobin a ƙafa ɗaya kullum. Taransiston da ke allon tuƙi shi ke haɗa ɗaya ƙafar da mas na ɗan ƙiftawar ido.

Sa'ad da aka yanke wa bobin wuta, maganaɗisun da ke rushewa yana haifar da tsalle na volt mai yawa a juye. Diyod 1N4004 da ke liƙe a kan bobin, zobensa na fuskantar wayar wuta, shi ke shanye wannan tsalle. In diyod ya tsinke, tsallen ya kashe taransisto. Taransiston da ya mutu yakan mutu ne a haɗe, sai bobin ya kama tun daga kunna injin, ya yi zafi, ya narke, ya ƙona fiyus. Ke nan abu 3 ake dubawa tare: bobin, diyod, taransisto. Canza taransisto kaɗai, na asali SE9302 ko madadinsa TIP102, asarar sabon taransisto ce.

In bobin ya ƙi motsi, akwai dabarar raba hanya biyu. A ɗauki waya daga mas a taɓa kunnen ƙarfe na taransistonsa, taɓawa ɗaya a ɗauke. In bobin ya buga, to bobin da wayarsa da fiyus ɗin da ke ƙarƙashin fili lafiya suke, ciwon yana allo. In bai buga ba, a bar allon a koma fili.

6.2. Fukafukai

A waɗannan injuna ƙwaƙwalwa ba ta kaɗa fukafukai. Rele guda kawai take kamawa don ta ba su izini. Bobin na fiffike yana da naɗi 2: mai ƙarfi na bugu, da marar ƙarfi na riƙo. Kontak ɗin ƙarshen tafiya (fin de course) yana rufe tun farko, yana tsallake naɗin riƙo; da fiffike ya kai ƙarshe sai ya buɗe da kimanin milimita 3, wuta ta ragu. In kontak ɗin ya yi datti, fiffike ya yi sanyi. In ya ƙi buɗewa, bobin ya ƙone a hannun mai wasan da ya riƙe maɓalli. Ba a sa wa sandar bobin mai. Mai yana kama ƙura ya zama kwaɓi, kuma duk wanda ya san abin da hunturu ke shigarwa cikin rediyo a Damagaram ko Tawa ya san saurin hakan. Hannun roba da sandar ke gudu a ciki ake canzawa.

6.3. Fitilu

Tiristo in ya kama ba ya saki sai wutar da ke binsa ta faɗi sifiri. Shi ya sa ba a lallashe wutar fitilu da kondansato ba, shi ya sa kuma ƙwaƙwalwa ke sake kunna kowace fitila bayan kowane ratsa sifiri. Fitilar da ta ƙi kamawa, a fara da ƙwai da gurbinsa da mahaɗi kamin a zargi tiristo. Wadda ta ƙi mutuwa kuwa, tiristonta ne ya haɗe. Ƙwayayen zamani marasa cin wuta sukan yi ta kyarma a nan, domin abin da suke ja bai isa ya riƙe tiristo a kame ba. Ana magance wannan da ƙarin rezistans.

6.4. Kontak

Kontak 40 ne, amma wayoyinsu 13 kacal: layuka 5 na aikawa da 8 na dawowa, an saƙa su kamar tabarma, kowane kontak a mahaɗar layi biyu. U10 yana aika alama a layi ɗaya, ya saurari 8, ya wuce na gaba. Kowane kontak yana da diyod da ke hana alamar komawa ta bayan gida. In diyod guda ya haɗe, injin zai riƙa ganin kontak ɗin da ba wanda ya taɓa, ya ba da makin banza. In kontak 8 ko 5 suka mutu tare, a duba jadawalin: za a tarar layi ɗaya suke, ciwon kuma yana kan waya guda ko haƙori guda na mahaɗin J2. Bakin waɗannan kontak yana da rufin zinariya siriri, kuma magagari yana share shi. Takarda mai tsabta ake ja a tsakaninsu. Na fukafukai ne kaɗai, masu ɗaukar wuta mai yawa, ake gogawa.

6.5. Allunan maki

In lamba guda ta ɓace a allo ɗaya, yawanci rezistans ɗinta mai kilo'om 100 ne ya ƙone, ko dalmar haƙoran mahaɗi ta tsage. In duka allunan sun yi haske fiye da ƙima, a auna volt 190: madaidaicin yakan mutu ya saki 230 gaba ɗaya, gilasan kuma su tsufa da wuri.

7. Williams da Gottlieb

Hanyar ɗaya ce, wurin rauni ne ya bambanta. A injunan Williams na System 3 zuwa System 7, babban allo da allon tuƙi suna haɗe da mahaɗi mai haƙori 40 wanda layukan ƙwaƙwalwa ke ratsawa. Girgiza da zafi suna tsaga dalmarsa, injin ya riƙa daskarewa. A Gottlieb System 1 da System 80 matsalar mas ce: alluna suna samun mas ta mahaɗan gefen allo, in waɗannan suka yi tsatsa sai mas ɗin alluna ya bambanta, taransisto ya kama da kansa. Maganin shi ne a ɗaure mas ɗin kowane allo da waya mai kauri zuwa wuri guda. Guntayen Rockwell na System 1 ba a ƙera su kuma, abin da ya sa aka fito da allunan maye gurbi irin PI-1 na Faransa.

8. Kammalawa

Akwai sababbin alluna na Bally da Stern, kamar na kamfanin Alltek, kuma in cin batir ya kai tsakiyar allo su ne mafita. Sai dai sabon allo da aka dasa a kan tsofaffin mahaɗai da gajiyayyen C23 zai nuna ciwon da tsohon ya nuna. Tsarin da muka bi shi ne wannan: wutar gari da fiyus, awon volt a kowane mataki, mahaɗai, batir, ƙidayar ƙyaftawa, gwajin ƙofar kuɗi, sa'an nan guntaye a ƙarshe; ana canza abu ɗaya a lokaci ɗaya, ana rubuta abin da aka auna kamin canji da bayansa.

Ga malamin da ke koyar da lantarki, wannan injin yana da wani amfani. A cikinsa ɗalibi yana ganin ƙwaƙwalwa da ma'ajiya da guntayen shiga da fita kowanne a gurbinsa, da ƙafafu masu faɗin da ma'auni zai taɓa, ga zanen da'ira cikakke a littafin injin. Kayan yau sun cure dukan waɗannan a guntu ɗaya. Wanda ya koyi raba hanya biyu a kan taransiston bobin, ko ya gano dalilin da fiyus a wani allo ke hana ƙyaftawa ta 7 a wani allon, zai iya bin wannan hanya a kan injin awo na asibiti ko na'urar juya wutar hasken rana.